Tsibirin da Ba Shi da Gada

Shekarar da autarmu ta tafi jami'a, gidanmu ya yi shiru har ƙarar firij nake ji daga ɗaki. Ni da maigidana mun daɗe muna zaman karɓa-karɓa: ni ina aikin safe a gidan kula da tsofaffi, shi yana aikin yamma a wani ƙaton sito a kan titin Wendover a nan garin Greensboro, don kada a bar yara su kaɗai. Ina shigowa yana fita. A bakin ƙofa muke haɗuwa, in ce abinci na kan murhu, ya ce mota na son mai, shi ke nan an sha hira. A haka yaran suka girma, suka ƙware wajen amsa mana da Turanci, suka watse. Sai aka bar ni da wani bawan Allah mai furfura a gemu, wanda na san lambar takalminsa da yawan sukarin shayinsa, amma ban san abin da ke cikinsa ba. Abin ya tsorata ni ƙwarai, don ina gudun mu tsufa a gida ɗaya muna gaisawa kawai.

Akwai wata Anti da muke aiki tare, 'yar Jos, mawaƙiya a cocinsu, mace ce da ba ta tauna magana. Na ɗan yi mata ƙorafi muna canza zanen gado, sai ta ce, "Ke, ki ɗauke mutumin nan ki kai shi beach, bakin teku. Ku biyu kawai, ba yara, ba baƙi. In kin bar shi haka, retirement zai zo ya same ku ba ku san juna ba."

Ni 'yar Gusau ce, shi ɗan Funtuwa. A cikinmu ba wanda ya iya iyo, ba kuma wanda ya taɓa jin cewa ya yi asarar wani abu. Amma maganar Anti ta zauna mini. Na fara bincike a waya, na tarar da tsibirai jere a gefen garin Wilmington, kowanne da hotunansa na mutane suna dariya ba dalili. Na buga wa auta waya ina neman shawara, ina ta zuba mata bayani da Hausa, ta saurara da ladabi ta ce, "Mama, just pick one." Kuɗin makarantar da muke biya ke nan ya fara amfani.

Na zaɓi Wrightsville. Yana dab da gari, gada kawai za ka haye, na kuma ga wani ɗan ɗaki mai baranda da kujeru biyu suna kallon ruwa. Kujerun nan biyu su suka saye ni. Na nuna wa maigida, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, madalla. Allah ya kai mu." Na ɗauka magana ta ƙare.

Na manta cewa Bahaushe ba ya tafiya bai yi sallama ba, ko da tafiyar ta kwana kaɗan ce. Ranar Juma'a bayan an sauko, maigida ya je ya durƙusa gaban Alhaji. Alhaji shi ne babbanmu a garin nan, yana sayar da motocin hannu a titin Gate City Boulevard, kuma kusan kowa a falonsa ya fara kwana lokacin da ya zo ƙasar, har da mu. Maigida ya sanar da shi za mu ɗan leƙa bakin teku, sannan ya ƙara da cewa, "Ai sai ku zo mu je gaba ɗaya, Alhaji."

To, a gida kowa ya san tayi. Kana cin abinci wani ya shigo, ka ce bismilla, ya ce alhamdulillahi, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ba a yi tayi don a karɓa ba. Amma a Greensboro, inda mutane suka shekara daga aiki sai gida, daga gida sai wajen sunan jariri, tayi sammaci ne. Kafin la'asar Hajiya, matar Alhaji, ta bugo mini.

"'Yata, na ji abin alheri! Allah ya yi muku albarka da kuka tuna da tsofaffi. Babbar tukunyar nan zan ɗauko, ke ki ji da dambu."

Na ce, "Amin, Hajiya, ai mu ne da godiya."

Kafin Lahadi an buɗe zaure a waya mai suna Tafiyar Teku. Na duba na ga mutanen da ban san suna garin ba, har da wani direban babbar mota ɗan Maraɗi da ya yi alkawarin kawo gasasshiyar kaza da shayi. Nan take aka naɗa ni shugabar kwamitin abinci, sarautar da nake riƙe da ita tun zuwana ƙasar nan ba tare da na taɓa nema ba. Baranda mai kujeru biyu kuwa, ko ta'aziyyarta ba a yi mini ba.

Daga nan aka shiga zaɓen tsibiri, kowa ya zama masani. Alhaji ya soke Wrightsville a rana ɗaya, ya ce ba wajen ajiye mota, kuma ya ji tsiraici ya yi yawa a can, sai ka ce a sauran tsibiran da zani da mayafi ake shiga ruwa. Hajiya ta tsaya kai da fata a kan Carolina Beach, saboda an gaya mata akwai gefen da ake shiga da mota har kan yashi, mutum ya kafa rumfa ya hura gawayi. Wani ya tambayi alƙibla, aka kwana biyu ana musu. Wata ta ce a tabbatar gidan da za a kama yana da babban kicin. Alhaji ya dawo da tambaya mai nauyi: shin za a iya yanka rago a bayan gidan haya, ko maƙwabta za su kira 'yan sanda? Duk tsawon muhawarar nan ban ji mutum ɗaya ya tambayi yadda ruwan yake ba. Teku dai ya zama ɗan rakiya a tafiyarsa.

Mai karatu zai ce, me ya hana ki buɗe baki ki ce ku biyu kuke so ku je? Wanda ya yi wannan tambaya bai san Hajiya ba. Lokacin da na haifi auta, uwata tana can gida an hana ta biza, Hajiya ce ta tattaro ta dawo gidanmu, ta dafa mini ruwan wanka, ta dama mini kunun kanwa, ta goya jaririyar har na warware. Matar nan zan kalla in ce kada ta bi ni? Bakina ba zai iya ba, kuma ba na so ya iya. Ina son ta har raina, ina dai son ta zauna a gidanta na kwana kaɗan.

Na koma wa Anti fuska a murtuke. Ta yi dariya har ta zauna a bakin gadon da muke gyarawa, sannan ta ce, "In bakinki ba zai hana su ba, ki nemo island ɗin da zai hana su. Kin san Bald Head? Ba gada. Sai ferry, jirgin ruwa. Mota ma ba ta shiga, a wannan gefen ake barin ta."

A ranar na shiga zauren waya da murnata. Na yabi tsibirin nan yabon da ban taɓa yi wa wani wuri ba, har garinmu. Na ce ba hayaniya, ba cunkoso, tsiraicin ma da sauƙi tunda mutanen ba su da yawa. Na ce abin sha'awa, sai an shiga jirgin ruwa ake kaiwa, a can kuma ƙananan motocin lantarki ake hawa, irin na masu wasan golf. Sannan na tura musu bidiyon jirgin. Akwai bidiyoyi da yawa na ranakun da ruwa ke kwance lafiya lau, amma ni dai na ranar iska ne ya fi yi mini kyau.

Zauren ya yi tsit har washegari. Hajiya ce ta fara bugowa, ta ce gwiwar nan tata ta taso, likita ya hana ta wahala. Ta ƙara da cewa, "Ni fa 'yata, ni da ruwa sai a buta." Ɗan Maraɗi ya tuna yana da kaya zuwa Texas a daidai makon. Mai neman babban kicin ta tuna da bikin wata ƙanwar kishiyar goggonta a wata jiha. Alhaji ne ya fi kowa jurewa, don babba ba ya janyewa da wuri. Ya tambayi wa zai tsare masa mota a wancan gefen, ya tambayi yadda rago zai haye, sannan ya ce kasuwa ta ɗan motsa, ba zai iya barin wajen ba, a yo musu tsaraba. Ba wanda ya ce tsoro yake ji, ni ma ban tambaya ba. Kowa na ce masa, "Kai, ban ji daɗi ba wallahi," da muryar da ta dace.

Na zauna ina jiran maigida ya yaba mini. Sai na ga mutum ya shiga damuwa, yana ta juya cokali a kofi. Ranar Asabar da hantsi, muna zaune a teburin kicin, ya ce, "Maman yara, me zai hana mu koma wancan mai gadar? Kamar Alhaji bai ji daɗi ba."

Da ma Hajiya ta riga ta kwance masa zani a kasuwa ba da saninta ba. Da take ba ni haƙuri ta ce, "Mijin nan naki ɗan albarka ne, sai da ya dawo har gida yana roƙon Alhaji kada ya fasa. Shi ne ma ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya tun farko." Ashe ba suɓutar baki ba ce. Tayin nan da gayya aka yi shi, aka kuma bi shi gida-gida.

Na ajiye kofina na ce, "Baban yara, Alhaji lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka ji daɗi ba. Gari guda ka gayyato don kada ka zauna da ni. Ni dodo ce?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ƙi kallona. Na shirya jin wa'azi a kan zumunci da haƙƙin manya, na ma tanadi amsa. Sai ya ce a hankali, "In muka tafi mu biyu, me zan ce miki? Labarin yara zai ƙare kafin mu kai Raleigh. Daga nan fa? Ina tsoron ki zauna da ni ki ga ba abin da ya rage sai mai biyan haya."

Duk masifar da na dafa ta huce a bakina. Na yi makonni ina ganin ni kaɗai ce mai wannan tsoron, ashe a gado ɗaya muke kwana da tsoron ni da mutumin nan, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na ce, "Ni ma ban san me zan ce maka ba. Shi ya sa nake so mu je. Kuma ba gada, in ka shiga ka shiga."

Lissafinsa bai yi kuskure ba, labarin yara ya ƙare tun kafin Raleigh. Muka ɗan taɓa tsadar mai, muka yabi itatuwan gefen hanya, waɗanda ba su yi wani abin yabo ba. Daga nan sai shiru har muka ajiye mota a tashar jirgin, muka ja jakunkunanmu cikin Turawa masu gajeren wando da karnuka. Na fara tunanin ko Hajiya da tukunyarta sun fi wannan.

Jirgin ya tashi, ƙasa ta fara ja da baya. Maigida ya damƙe bakin benci da hannu biyu, bakinsa yana motsi, na san ba waƙa yake yi ba. Can, idonsa a kan ruwa, ya ce, "Ranar da aka bugo cewa Inna ta rasu, kin san ban je aiki ba?"

Na tuna ranar sarai. Na dawo na tarar da labarin mutuwar mahaifiyarsa, na kuma tarar da shi sanye da rigar aiki. Na miƙa masa kular abinci a bakin ƙofa, ya karɓa ya fita. Shekaru na yi ina riƙe da wannan a raina, ina cewa wane irin dutse na aura.

Ya ce, "Na kai har wajen ajiye motoci, na kasa fita. A cikin mota na zauna ina kuka har aka tashi. Na so in dawo gida, sai na tuna kin gaji, kuma da asuba za ki fita."

Na matsa kusa da shi har kafaɗata ta taɓa tasa, a gaban Turawan da karnukansu. Na ce, "Ban sani ba. Ba ni labarinta."

Ya saki bencin da hannu ɗaya, ya share fuska, ya fara tun daga lokacin da take sayar da ƙosai a ƙofar gidansu.