Jarumin da Na Bari a Kogo

Jiya a hanyar Kabo na ga dawa ta fara fid da kai, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, duniyarsa ta koma tabarma ɗaya a zaurenmu na Kutama, mai warin man zafi da danshin damina. Nan nake karanta masa littafin yaƙin da nake rubutawa kashi-kashi. Malami ne, duk inda na ambaci gunki sai ya ce "A'uzu billahi," amma bai taɓa cewa in daina ba.

Ranar da matsafa suka rufe jarumina a kogo bisa umarnin gunkinsu, na shiga zayyana masa zoben sihirin da zai fasa dutsen. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Bar tsafin nan, ɗana. In an buɗe masa, ina za shi?"

Ban taɓa tunanin haka ba.

"Ni na san inda za ni," in ji shi, idonsa a ƙofa. "Gona, in taɓa dawata."

Kafin girbi muka ratsa ta gefen gonar ɗauke da makararsa. Jarumina har yau yana kogon. Masu karatu sun ishe ni da tambaya, ni kuwa na kasa samo masa wurin zuwa.

Allah ya yalwata kabarinka, Kawu, ya buɗe maka ƙofa zuwa gonar da ba ta bushewa.