Matar da ta yaba lallen ƙafata

Shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran aminiyata, wadda matan ƙauyukan Adar ke kira Inna Likita. Har yau in na ga lalle a ƙafar mai ciki sai ta faɗo mini a rai.

Ina amarya a wani ƙauye kusa da Takanamat na fara ganinta. Ta zo cikin ayarin ma'aikatan lafiya daga birnin Tawa, suna bin gida-gida suna tambayar abin da ke damun mutane. Ina ɗauke da cikin fari, ƙafafuna sun kumbura, kaina na sara, idona na ganin walƙiya. Na yi koleji, na san wannan ba alamar alheri ba ce. Amma a wurinmu mace ba ta ambaton cikin fari, balle gaban uwar miji. Da aka tambaye ni, na ce abin da kowa ke cewa: "Lahiya lau."

Ba ta musa ba. Ta zauna kan tabarma, ta jawo ƙafata. "Kai, ɗiyata, wa ya ƙumsa miki wanga lalle? Ko amaren Tawa sai su yi hassada!" Mata suka yi dariya. Ni kaɗai na ji babban yatsanta na danna idon sawuna. Da ta ɗaga, gurbin ya zauna kamar a cikin ƙullu.

Ta dubi surukata. "Inna, ara mini ita ta raka ni birni, ta koya wa ɗiyana ƙunshi."

Tsohuwa ta ce, "Tahi da ita. Mu ma muna da ido, baki ne ba mu da shi."

A asibitin Tawa aka ce jinina ya hau, saura ƙiris jijjiga ta kama ni. Can na haihu, ni da jaririyata muka rayu. Ikon Allah sai kallo.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Duk ƙauyen da ta shiga sai ta haɗa ungozoma, liman da mai amalanke, ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta koya wa ungozomomi yabon lalle, har ya zama in an ce "a kai ta koyar da ƙunshi," mai amalanke ya san ya ɗaura shanu.

Yau ƴan mata ma'aikatan lafiya ke zuwa kan babur da waya a hannu, suna tambaya suna latsawa, saƙo ya isa birni nan take. Na tabbata da ta gani za ta yi kabbara, don ta sha wuyar hanya. Sai dai ina jin za ta taɓa kafaɗar ɗaya ta ce, "Aje wayar, dubi ƙahwar mai cikin." Labarin zuciya a tambayi fuska, na mai cikin fari kuwa a tambayi sawu.

Mai karatu zai lura ban rubuta sunanta na yanka ba. Shi aka raɗa wa jaririyar nan, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari. Kullum ina jin ana kiransa a tsakar gidana, ana amsawa, ni kuwa sai in ce a zuci: Allah ya haskaka kabarin mai sunan.