Motar da Ta Zauna Kan Turame

Ranar Alhamis da ta gabata, wajen ƙarfe goma na safe, ina zaune kan benci a wani garaji da ke hanyar Mirriya, daga ni sai mai garajin da wani dattijo da ya kawo babur. Aka rufe ƙofar wata mota a bayana. Ƙarar ta fito sau ɗaya, a dunƙule, ba karkarwa. Ko ba ka san mota ba, kunnenka ya san ƙofar da ta zauna da kanta da wadda aka tilasta wa. Ni a gidanmu na koyi wannan, a Zango, ina yarinya.

Mahaifina mai gyaran jikin mota ne. Idan kamiyo, wato babbar motar kaya, ya faɗi da buhunan gyaɗa, wurinsa ake kawowa ya buga, ya miƙe, ya yi walda. A bayan gidanmu kuwa, ƙarƙashin bishiyar bedi, akwai wata ƙaramar mota ja mai kujera biyu, ba rufi sai tanti. Wani likita Bature ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tsatsa ta riga ta cinye gefunanta. Maƙwabta suna kiran ta takalmin Bature. Baba ba ya jin haushi. Ya ce wa Inna a bayan kamiyo aka kawo ta amarya daga Mirriya, tsakanin buhuna, to a cikin wannan zai mai da ita ta gai da tsohuwarta, shi da kansa yana tuƙi.

Wata kaka sai Baffa, yayan mahaifina, ya zo daga Dogo. Amalankensa ta karye, ga gero a gona. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa taya da sandarsa.

"Ƙafafu suna nan suna zaman banza, ni kuwa hatsi na kwana a daji."

Baba ya ce, "To, Yaya."

Aka kwance ƙafafun baya tare da ƙarfen da ke riƙe da su. Babu abin da za a tokare motar da shi, sai Inna ta fito da tsofaffin turamenta, na gidan maƙwabta ma aka aro, aka kifa su ƙarƙashin cikinta. Gaba da baya suka rataya a iska.

Kaka ta wuce, sanyi ya wuce. Amalanke ta koma ɗaukar taki, ta koma ɗaukar ruwa, ta koma kai masu jego asibiti. Duk shekara Baffa yakan kawo mana damman gero a kanta, ya tsayar da ita a ƙofar gidanmu. Baba yakan fito ya taya sauke kaya, idonsa bai taɓa sauka kan ƙafafun ba.

Akwai ƙa'idar da na sha ji yana faɗa wa masu koyon aiki a hannunsa: mota mara rufi, ba a saita mata ƙofa sai tana tsaye kan ƙafafunta, domin idan aka ɗaga ta a tsakiya bakin ƙofa yakan buɗe, idan ta sauka ya tsuke. Ya san wannan fiye da kowa a Damagaram. Ya jira. Sai idonsa ya fara hazo. A asibiti aka ce masa wutar walda ta yi aikinta, abin da ya rage kaɗan ne, kuma ba zai daɗe ba.

"Ka aika wa Yaya mana," in ji Inna.

"In ce masa me? Ya maido? Da wane baki?"

"Da bakin da kake cin geronsa."

Ya yi dariya, amma bai aika ba. A wurinsu ƙane ba ya bin yayansa aro. Irin wannan ƙarfen kuma babu na biyu a garin. Sai ya ce wataƙila ƙashin motar yana da ƙarfi, wataƙila ba za ta lanƙwasa ba. Ya kama aiki tana kan turame.

Bazarar nan ba na manta ta. Warin ƙarfen da aka ƙona yana haɗuwa da na furen bedi. Ya yanke gefunan da suka ruɓe, ya ɗinka sababbi da walda. Ya rataya ƙofofin, ya kwance, ya sake ratayawa. Ma'auninsa wani ɗan tsiri ne na jar fata da ya karɓo wurin dukawa. Yakan zura shi tsakanin ƙofa da jiki, ya ja daga sama har ƙasa. Idan ya cije a wani wuri ko ya yi lako-lako, aiki ya koma baya. Akwai kuma siririn farin ƙarfe mai walƙiya da ke bin gefen motar, guntu uku, dole su haɗu kamar zare ɗaya. Wannan idonsa ya daina gani. Inna ce take tsugunawa a goshin motar, ta kanne ido ɗaya.

"Ɗaga kaɗan, Malam. A'a, ka yi yawa. Da kai ke awon tsaba, da ba mu yi ciniki ba."

"Ke dai duba. Surutu ba ya miƙe ƙarfe."

Ranar da ya gama, ya sa muka yi shiru, ya tura ƙofar da yatsa biyu. Ta shige. Inna ta yi guɗa a hankali don kada maƙwabta su ji.

Labarin idon ya kai Dogo ta bakin 'yan kasuwa. Ana gab da damina, wata Juma'a bayan la'asar, sai ga Baffa da ƙarfen a cikin motar haya.

"Ga ƙafafunka, ƙanena. Sun fi motar ganin duniya."

Aka ɗaura su. Maza suka taru suka ɗaga, aka zare turamen ɗaya bayan ɗaya, ƙofofin suna buɗe. Da ta zauna a ƙasa sai ta yi wata 'yar ƙara, kamar tsoho ya miƙe daga tabarma. Baba ya tura ƙofar direba. Ta daki jiki ta dawo. Ya sake turawa, jan fenti ya ɓalle a saman bakin. Bai nemi fatar ba. Ya bi gefen da tafin hannu, ya tsaya inda farin ƙarfen ya goce.

Baffa bai lura da komai ba. "Kai, ta yi kyau! Wannan ai igiya za ka sa ka ɗaure, a wuce wurin."

"Ta yi kyau, Yaya," in ji Baba. Ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Bayan an watse Inna ta ce, "Cire ƙofofin mu tafi haka. Ni ba ƙofa zan gaisar ba."

Ya ce ba zai kai ta gidansu a mota tsirara ba. Gyaran kuwa sai an yanke waldar duka an sake. Ya ce bari ruwa ya ɗauke. Kafin ruwa ya ɗauke ya daina gane fuska sai murya.

Yanzu a garajojin Zinder ba a cika miƙe ƙarfe ba. Ana cire wanda ya lotse a sa wani, ko a cika ramin da mastik a fesa fenti. 'Ya'yana kuma idan ɗaya ya ari abin ɗaya, kafin magariba an buga waya an tambaya. Ba na hana su. Wani lokaci ina ganin sun fi mu gaskiya, wani lokaci kuma kunnena ba ya son jin yadda suke faɗa.

Baffa ya rasu bai san abin da aronsa ya yi ba, domin ba wanda ya gaya masa. Shekara guda bayan an sauke motar Inna ta je Mirriya, zaman makokin mahaifiyarta. A bas ɗin haya suka tafi, Baba yana gefenta, ita ke riƙe da sandarsa.