Hanya Ɗaya a Cikin Masara

A shekarar da annoba ta rufe gari, ni kaɗai na yi azumi a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Mai ɗakina ta riga mu gidan gaskiya tun kafin nan, Allah ya jiƙanta. 'Ya'ya mata suna ɗakunansu. Autana kuwa, wanda yake ajin ƙarshe na sakandare, da aka rufe makarantu sai na tura shi Kaduna wurin yayansa ya ɗan huta. Yana can aka hana shiga da fita tsakanin jihohi.

Sana'ata sayar da littattafan addini ce a bakin masallacin unguwa. Da aka rufe masallacin, na kwaso su na jera a zaure. Ladan yakan yi kiran salla, a ƙarshe ya ce kowa ya yi a gidansa, ni kuma in shimfiɗa buzu a tsakar gida in ta da iƙama ba kowa a bayana. Sa'o'ina da yawa sun rasu a watannin nan. A waya ake gaya mini, a waya nake ta'aziyya, sannan in ajiye ta in ci gaba da zama.

Ana cikin haka aka fara koyar da 'yan makaranta ta rediyo. Tashar ba ta kaiwa inda Auta yake, saboda haka na zama ɗalibi a madadinsa. Da hantsi sai in zauna da rediyo da takarda, duk abin da malami ya faɗa in rubuta da ajami, don da shi na tashi, hannuna ba ya sauri da boko. Bayan la'asar in kira shi in karanta masa.

"Auta, ɗauko biro. Yau malamin lissafi ne."

"Baba, jiya ma rabin tambayar ka kawo min, sauran rabin ka ce Allah masani."

"To ai malamin ne yake gudu kamar an biyo shi. Ina jin ɗan ƙungiyarku ne."

Abin da ya sa na ce haka, Auta ɗan tsere ne. Duk shekara makarantarsu, wadda take nan Tarauni ba nisa da gidanmu, takan yi gasar wasanni, shi ne kuma mai yi wa ɓangarensu gudun zagaye fili. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe, ya daɗe yana shiri. Annoba ta zo ta ɗauke gasar.

Bayan ƙaramar salla na fara jin canji a muryarsa. Ina karatu, ina jin ƙarar wasu abubuwa a bayansa. Ashe yayansa ya sa shi a shagonsa na gyaran waya, hannun yaron kuma ya faɗa. Wata rana ya katse ni a tsakiyar darasi.

"Baba, ka daina wahalar da kanka. Jarrabawar nan ba wanda ya san ranarta. Gasa kuma ta wuce. Ko an buɗe makaranta, me zan dawo yi?"

Na san abin da maganar take nufi. In bai dawo ya zauna jarrabawar ba, karatun ya tafi kenan, gidan nan kuma ni da littattafan zaure ne har ƙarshe. Ban iya gardama da yaro a waya ba. Abin da ya zo bakina shi ne, "Filinku yana nan yana jiranka."

Da aka sassauta dokar hana fita, ruwa ya riga ya sauka. Na ce bari in je in ga filin da na yi alkawari da shi. Na tarar da maigadin makarantar, wani dattijo da muke haɗuwa a sahu, sunkuye da fartanya. Tsakiyar filin duk ta zama kunya-kunya, masara ta tsiro, yana gangarowa da shuka wajen gefe.

"Malam, sannu da fitowa. Ka ga aikin zaman banza."

"Sannu da aiki. Filin yara ka shuke?"

"Shugaban makaranta ne ya ce in taɓa, tunda ba yara. Ina kallon ƙasa tana shan ruwa ba komai a cikinta, na kasa barci."

Ban ga laifinsa ba. Ni ma ɗan manoma ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya ce a tuge shuka bayan ta fito ba. Na duba gefen da bai kai ba. Layin da suke ja da baƙin mai don 'yan tsere yana nan dishi-dishi a cikin ciyawa. Na roƙe shi ya bar mini wannan, faɗin mutum ɗaya, ya zagaye filin.

"Na bar maka, Malam. Amma damina ce. In ba a taka hanyar, ciyawa za ta cinye ta, ni kuma ba ni da bayan da zan nome gona in nome hanya."

Washegari bayan asuba na ɗauki carbina na tafi. Wuridin da na saba yi a kan buzu, shi na mayar kan hanyar nan. Ina tafe ina ja, raɓa tana jiƙa mini bakin wando, azuzuwa a kulle, ba motsin kowa sai tsuntsaye da tarin maigadi daga ɗakinsa. Ranar da aka kwana ana ruwa takalmina yakan kafe a laka, sai in cire in riƙe a hannu.

Ban ɓoye wa Auta ba. Na gaya masa an shuka masara. Ya yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba, ya ce, "Shi kenan, filin ma ya sami wata sana'ar." Kwanaki bayan nan in na kira sai yayansa ya ɗauka, ya ce Auta yana da aiki a hannu. Yayan na gaya wa batun zagayen da nake yi. Ban fasa zama gaban rediyo ba. Takardu suka taru a ƙarƙashin filo, ba wanda zan karanta wa.

Sai ga shi wata la'asar shi da kansa ya kira.

"Baba, wai Yaya ya ce kullum kana zagaya filin?"

"Ina ɗan taɓawa."

"Zagaye nawa?"

"Ba na ƙirga zagaye. In wuridi ya ƙare in tsaya."

"Ta ina kake farawa?"

"Ta inda Musulmi yake fara komai. Ina shiga in ba gonar damata."

Ya yi dariya, irin tasa ta da. "Baba, duk kwanakin nan baya-baya kake gudu. Hagunka za ka ba ta. Kamar ɗawafi."

"To, malam, Allah ya ƙara sani."

"Akwai darasin yau?"

Na jawo takardun daga ƙarƙashin filo. Tun daga ranar kuma na ba gonar haguna.

Masara ta yi goyo ta fi tsayina lokacin da aka ba da sanarwar 'yan ajin ƙarshe su koma don jarrabawa. Wasanni dai an ce babu. Auta ya iso da 'yar jakar baya wadda ba ta wuce kaya kala biyu ba. Tun a zaure ya ce, "Jarrabawa kawai, Baba. Shago yana jira na." Na ce Allah ya ba da sa'a.

Da asuba muka yi salla, karo na farko da na ji amin a bayana tun rufe gari. Na ɗauki carbi, sai na ga ya biyo ni. A bakin filin ya tsaya yana kallon masarar, sannan ya kalli hanyar, jar ƙasa a daddaɓe, ta shige tsakanin kara da katanga. Ya cire silifas ya miƙo mini, ya sheƙa da gudu.

Yana shan kwanar farko na daina ganinsa. Kan masara kawai nake gani yana kaɗawa, kaɗawar tana tafiya, ta yi can nesa wajen azuzuwa, sannan ta juyo. Maigadi ya fito da butarsa ya tsaya kusa da ni. Auta ya ɓullo jiƙe da raɓa, ganye ya kakkarce masa hannu, yana haki.

"Baba, kwanar can ta ƙarshe ka yi mata kusurwa. Saura kaɗan in shiga gonar mutane."

"Gwiwata ce ta zaɓi wurin. In ba ta yi maka ba, gyara."

"Ai ba za ta gyaru a rana ɗaya ba. Sai an yi ta takawa."

Da yamma ina tsakar gida ina haɗa shayi, na ji shi a zaure yana waya da yayansa, ya rage murya. Yana cewa a ba direba takalmansa na gudu, da sauran kayansa duka, har da bargonsa. Na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo don kada ya san na ji, na ɗauko kofi na biyu na ɗauraye.