Jakin da Ya Isa Zaɓe

Wanda duk ya san marigayi Baba Ɗanlami ya san hular nan tasa ba don rana yake sa ta ba. Ma'ajiyar katin zaɓe ce. A leda yake naɗe shi, ya cusa a ƙarƙashinta, ko alwala zai yi sai ya danne ta da gwiwa. Ka gaishe shi kuwa, kafin ya tambayi iyali sai ka ji, "Ka yanki kati?"

Ba siyasa ce ta dame shi ba, kwazazzabon da ya raba ƙauyenmu da hanyar Ɗambatta ne. Da damina jakinsa Duna har ƙirji yake nutsewa da kayan hatsi. Kowane ɗan takarar kansila ya zo ya yi alkawarin kwalbati, ya ci zaɓe, ya ɓace.

Wata shekara da aka zo rajistar masu zaɓe sai ga shi janye da Duna, wai shi ma a yi masa kati. Ni ya ɗauka lauya, tunda na kai aji huɗu kafin boko ya sallame ni lafiya.

Ya ce da jami'in rajistar, "Ɗana, faɗa min sharuɗɗan."

"Baba, mutum ya zama ɗan ƙasa."

"A bayan rumbuna aka haife shi."

"Ya kai shekara goma sha takwas."

"Buɗe bakinsa ka duba."

"Mazaunin mazaɓar nan, kuma mai hankali."

"Hankali? Kansilanmu ya manta hanyar garin nan. Wannan kuwa ido rufe yake kawo kansa gida!"

Jami'in ya share hawayen dariya ya ce, "To Baba, ya matso ya dangwala babban yatsa."

Tirƙashi! Baba Ɗanlami ya dubi kofato, ya dube ni. Na duba iyakar karatuna ban ga mafita ba. Sai ya gyara hula ya ce, "Ba komai. Na ara masa nawa."

Tun daga nan, in ya fito daga rumfar zaɓe da tawada a yatsa, Duna yake fara nuna wa. "Ka yi zaɓe, saura aiki."

Amma fa a kan doka ba ya da ɗan'uwa. Ƙaninsa Sale, wanda ya koma unguwar Bacirawa a birni ya yanki kati a can, ya zo ranar zaɓen ƙananan hukumomi ya shiga layinmu. Baba Ɗanlami ya jawo shi ta riga.

"Haba Yaya, a gidan nan fa aka binne cibiyata!"

"To a tono ta, ta zo ta bi layi. Kai dai ƙuri'arka tana inda kake kwana."

A ƙarshe dai Allah ya kawo kansila mai kunya, aka yi kwalbati. Ranar buɗewa Baba Ɗanlami ya sha wankakkiyar riga, ya ja Duna gaban jama'a don ya fara takawa. Jaki ya shinshina siminti, ya toge, ya kewaya ya gangara cikin kwazazzabo yadda ya saba. Kai, jama'a! Har mai gari sai da ya riƙe ciki.

Baba Ɗanlami ko a jikinsa. "Ku ƙyale shi. Ya koma adawa."

Tsakiyar daminar bana Baba Ɗanlami ya rasu, ruwa cike da kwazazzabo, maƙabartarmu kuwa a tsallake take. Ta kan kwalbatin nan muka wuce da makararsa, ko ƙafa ba mu jiƙa ba. Babu wanda ya yi dariya a wurin.

Allah ya jiƙan Baba Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya tsallake siraɗi cikin sauƙi kamar yadda ya tsallakar da mu. Amin.