Gyaran Nama a Bakin Dam

Ranar da abin ya faru ina kasuwar Maradun ina tayin bajimi. Wannan magana na yi ta maimaitawa har bakina ya gaji, kuma ba wanda ta amfana.

Lokacin ana gina dam ɗin Bakolori, leburori sun cika gari, kowa na son nama. Ni mahauci ne a Talata Mafara, gadon uba da kaka, sai na buɗe rumfa ta biyu kusa da wurin aikin. Can ba a saye da kashi irin na kasuwa, sikeli ake ɗorawa, don haka na soke gyara. Na ɗauko wani ƙaton mutum na sa a rumfar. Na san shi da zafin hannu, kuma saboda zafin hannun na zaɓe shi, domin ranar albashi turereniya ake yi. Da bakina na ce masa kada ya bari kowa ya taɓa mini nama.

Ran nan da la'asar na dawo daga Maradun na iske ɗan doka zaune a ƙofar gidana da sammaci a hannu. Wani manomin Bakura, wanda aikin dam ya cinye gonarsa har ya koma lebura, ya sayi nama. Da aka auna masa, sai ya miƙa hannu ya ɗauki 'yar tsoka, gyaransa, kamar yadda ya saba tun yana bin ubansa kasuwa. Mutumina ya juya ƙeyar gatarin sara ƙashi ya sauke masa a wuyan hannu.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne sammacin, sunana ne a kai tare da na mai dukan. Na shiga gaban alƙali ina huci, rumfar da na zuba duk jarina tana neman suɓucewa.

"Allah gafarta Malam, ni hwa ina Maradun. Ko ganin mutumin ga ban taɓa yi ba."

"Rumfar ta wa ce?"

"Tawa."

"Gatarin fa?"

"Nawa."

"Da ka aje mai dukan can, mi ka ce mishi?"

Mai dukan ne ya amsa a madadina, kalma bayan kalma, bai ƙara ko ɗaya ba. Ban taɓa jin maganata ta yi muni haka ba. Shi aka tafi da shi gidan yari, ni aka ɗora mini jinya da diyya. Bajimin da na tayo ya tafi, rumfar ta bi shi. Wata guda ina yawo ina gaya wa duk mai kunne cewa an zalunce ni, har abokan sana'a suka fara tsokanata da cewa in na mutu ma zan ce ina Maradun.

Uwata ce ta matsa sai na je gaida manomin. Na ƙunshe nama mai kyau na hau mota zuwa Bakura, raina a ɓace, ina tsammanin zagi. Na same shi a zaure, dattijo ne siriri, hannun dama a ɗaure a ƙirji, yatsun sun lanƙwashe. Mai ɗori ya ce ba zai sake riƙe shebur ko fartanya ba. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, har da gajiyar hanya. Ni na kasa haɗa ido da shi.

Na miƙa masa ƙunshin. Ya yunƙura da dama, hannun bai tashi ba. Sai ya sunkuyar da kai ya miƙo ɗayan.

"Gafarta mini, ɗana," ya ce. "Da hagu za ni amsa."