Sunan da Yaya Ba Ta Faɗa

Kashegarin wata Babbar Sallah muka cika motar haya daga Makera, mata da yara, aka kai mu wani wurin shaƙatawa a daji, gaba da Rido. Shekaruna goma sha biyar. Wurin bai kai yadda ake kururuta shi ba: barewa biyu, jimina ɗaya da gashinta ya zube, da wani biri da ya gaji da mutane. Sauran duk bishiyoyi ne da duwatsu, an kewaye su da waya.

Muna tare da Yayata da ɗanta na fari, mai shekara shida. Bayan azahar muka shimfiɗa tabarma, aka buɗe kwanon soyayyen nama. Ya karɓi tsoka ɗaya ya zagaya bayan wani dutse, ina kallon ƙeyarsa. Da aka zuba shinkafa aka ce in kira shi. Na zagaya, babu kowa.

Abin da na sani ke nan. Waɗanda ba su je ba sun fi ni bayani. Wasu sun ce aljanu, wasu sun ce ɓarayin yara, wani malami ya ce yaron yana gabas. Maigadi dai ya rantse babu wanda ya fita ta ƙofa. An bi waya kaf, ba a ga inda aka yanke ba. Rafin da ke ciki ko idon sawu bai rufe ba.

A ranar, kowa ya bazu yana ƙwala kiran sunansa, har masu sayar da rake. Yaya ma tana gudu tsakanin bishiyoyi, mayafi a hannu, amma abin da take cewa shi ne, "Kai! Kai yaro!" A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da aka raɗa masa suna ba ta taɓa faɗarsa ba.

Maƙwabciyarmu 'yar Filato, mai aiki a masaƙa, ta riƙe ta a kafaɗa.

"Madam, abeg, ki kira sunansa mana! Muryarki zai gane."

Yaya ta buɗe baki, ta dubi dangin mijinta da ke tsaye, ta sake cewa, "Kai yaro!" Na ji haushinta ranar, har na ƙi kallonta a mota.

Maza sun yi kwana tara suna komawa da 'yan sanda da mafarauta. Daga nan aka koma addu'a.

Bayan wata guda Yaya ta ce in raka ta unguwa. Ashe wurin shaƙatawar za mu; can muka je, da hantsi, ranar aiki, babu kowa sai maigadi. Ta tsaya a gindin dutsen, ta waiga hagu da dama, sannan ta kira sunan. Sau uku. Ya fito mata wani iri, kamar mai koyon Hausa.

Muka tsaya muna saurare. Can nesa wata tankar mai ta wuce a kan titi.

"Mu tafi, Yaya," na ce.

Ta gyara mayafinta, ba hawaye a idonta.

"Ko ya ji, ba zai san ni ce ba," ta ce.